Ranar Da Na Jera Wa Kibod A, B, C

Shekarun baya, lokacin gemuna na da sauran baƙi a gefe guda, na taɓa riƙe muƙamin injiniyan kwamfuta a gidana nan Tambuwal. Ina faɗin haka ne saboda masu raina ni a wannan dandali, masu cewa tsoho bai iya komai da waya ba sai tura gaisuwar Juma'a. To ku gyara zama. Ni nan da kuke gani na yi firamare har aji huɗu, kuma ba korata aka yi ba, damina ce ta faɗi mahaifina ya ce gona ta fi malam bukatata. Bayan nan na yi gyaran rediyo, na yi na tocila, na taɓa kwance agogon bango na mayar da shi har da rarar kusoshi. Mutum irin wannan ba a kiransa jahili a gaban jama'a.

Ɗiyata ta fari ce silar abin. Mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida da yaranta biyu. Mace ce da ba ta son zaman a ba ta, sai ta shiga wani wurin koyon kwamfuta a cikin gari. Ƙanen uwarta kuma ya kawo mata wata tsohuwar kwamfuta daga Sakkwato, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, da kibod ɗinta, wato allon da ake dannawa rubutu ya fito. Aka ce wani ofishi zai ɗauki masu buga takardu, amma sai an yi gwajin sauri. Ta je ta dawo, ta shige ɗaki. A bakin uwarta na ji labari: ba kuskure ta yi ba, amma lokacin da sauran suka kai ƙarshen shafi ita tana tsakiya. An ce za a sake gwajin bayan kaka. A gefe guda kuma dangin mijin daga Dogon Daji sun fara turo magana cikin ladabi, wai a ba su yaran su riƙe kada nauyi ya yi mana yawa. Ba miyagun mutane ba ne, kuma suna da hakki. Amma kowa ya san in ta samu aiki maganar ta mutu, in ta sake faɗuwa yara sun tafi.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita, in ta gaishe ni ina kallon bango nake amsawa. Sai dai kunyar ba ta toshe mini kunne ba. Kullum ina zaure ina jin ta a ɗaki: ƙwas... shiru... ƙwas... shiru... sai tsaki. Wasu maɓallan in ta danna sai su lafe a ƙasa su ƙi tasowa, sai ta sa farce ta ɓamɓaro su. Abin na cina, ba halin in ce ɗiyata kawo in gani.

Ran nan sai suka tafi bikin suna Sanyinna ita da yaran, za su kwana biyu. Ina jin motarsu ta tashi na shiga ɗakin na zaro kibod na fito da shi tsakar gida, na shimfiɗa tabarma.

Mai ɗakina ta ɗago daga bakin murhu. "Malam, mi za ka yi da kayan yarinya?"

"Gyara."

"Irin wanda ka yi ma agogo?"

"Agogon nan shina aiki har yau."

"Shina aiki. Da shi muka yi sahur bayan an sallame asuba."

Na kama aikina, don babban ma'aikaci ba ya biye wa 'yan kallo. Na ari ƙaramin cokalinta na sa gindinsa ƙarƙashin maɓalli ɗaya na ɗaga, ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon tsaki. Da na ga dabarar ta ci, sai na bi haruffan nan kaf na ɓalle su. Jama'a, abin da na tarar a ƙasa! Ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, daskararren shayi, ƙaiƙayin gero, ga kiyashi sun kafa gari har da unguwanni. Ban ga hakiminsu ba, ƙila ya tafi taro. Na sa gashin kaza na share, na bi da tsohon burushi, na hura har kaina ya yi jiri. Maɓallan kuwa na zuba su a ƙwarya da ruwan sabulu. Mai ɗakina duk da surutunta ita ta ɗauraye su kamar wake, ta baza a faifai, ta zauna da kara tana korar kaji. Wannan ɓangaren aikin ko a gaban alƙali zan tsaya a kansa: ya yi kyau.

Da suka bushe aka zo mayarwa. A nan ne ilimina ya motsa. Dama tun ranar da aka kawo kwamfutar na leƙa na ga haruffan a warwatse, Q ce a gaba, A tana can layi na biyu kamar marainiya, B kuwa sai ka yi cigiya. Na ce a raina lalle 'ya'yan mai ita na farko ne suka ɓalle su suka mayar yadda suka ga dama. To ina yarinya za ta yi sauri tana neman harafi kamar mai neman akuya ranar kasuwa? Ni kuwa malaminmu na aji ɗaya da bulala ya dasa mana jerin nan a ka. Sai na fara daga hagu, layin sama: A, B, C, D, ina yi ina rerawa. Na sauko layi na biyu, na sauko na uku, Z ta faɗa daidai gurbin ƙarshe, babu rara babu giɓi. Na ce wa mai ɗakina ta zo ta ga abin da Turawa suka kasa.

Na mayar da shi ɗaki na jona, na kunna kwamfutar kamar yadda na saba hango yarinyar tana yi, na samu farin shafi ya fito. Na yi bisimilla na danna A. Sai ga q. Na ce ƙila yanzu ta tashi daga barci. Na danna B, ta ba ni w. Na nutsu, na sa yatsa a hankali na rubuta sunan garinmu, Tambuwal, harafi bayan harafi. Abin da ya fito shi ne zqdwxvqs.

Mai ɗakina na bakin ƙofa. "Mi ta ce?"

Na ce, "Turanci ne mai zurfi, ba na mata ba."

Amma na riga na san na yi ɓarna. Na so in mayar da su yadda suke, sai na ga ban da Q ɗin nan ta gaba ba abin da na riƙe. Da can kibod na ciwo ne, yanzu na haukata shi, ga yarinya za ta dawo jibi, ga gwaji na matsowa. In na kai shi shagon masu kwamfuta na cikin gari, kafin la'asar labarina ya kai tasha. Ina zaune ina jujjuya hula sai taubashina ya faɗo mini a rai.

Ɗan gwaggona ne, mutumin Kebbe. Tun muna yara muke gardamar waye bawan wani tsakanina da shi, har yau ba a yanke hukunci ba. Shi ya yi karatu sosai, ya yi aikin buga tafireta har ya yi ritaya, ya ma riski zuwan kwamfuta ofis kafin ya bari. A zamaninsa in yana aiki mutane kan tsaya bakin taga don su ji ƙarar kawai. Sai ciwon ido ya same shi, ya ci ganinsa a hankali har ya cinye. Tun daga nan ya shige zaure ya daina fita, ko ɗaurin aure sai dai ya aika. Zuwana na ƙarshe na ce masa bawana, ya ce mini na'am. Ranar ban ji daɗin hanya ba, don taubashin da ya daina rama wasa abin tsoro ne.

Da safe na hau babur sai Kebbe. Na same shi inda na bar shi, a kan buzu, fuska na kallon ƙofa.

"Salamu alaikum. Bawana na ciki?"

"Shigo," ya ce, ba ko murmushi.

Bayan gaisuwa na ce kwamfutar ɗiyarmu ce ta rikice, ana danna wannan tana ba da wancan. Ban ce masa ga dalili ba, don ba a tambaye ni ba.

Ya ce, "To shi ne ka rasa wanda za ka ɗauko duk ƙasar Sakkwato sai makaho?"

Na ce, "Ba idanunka nika so ba, dama can ba wani kyau gare su ba. Yatsunka nika so."

Na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa, amma ya ce ya bar wannan harka, in tafi in nemi yaran zamani. Sai na ajiye wasa na gaya masa zancen gwajin, da zancen mutanen Dogon Daji. Ya murza carbi. Can ya ɗaga murya ya ce wa iyalinsa a miƙo masa hularsa da babbar riga.

A hanya ya riƙe ni tamau yana ta mita, wai ko makaho ya san da gangan nake faɗawa ramuka. Na ji daɗin mitar nan fiye da kirari.

Da muka iso na zaunar da shi gaban kwamfuta. Ya naɗe hannun riga, ya shafa kibod ɗin daga gefe zuwa gefe kamar mai taya doki, ya ajiye yatsunsa takwas a layin tsakiya, ya ɗaga kai sama yana fuskantar rufin ɗaki. Zamansa ma ya sake. Mutumin da na ɗauko a dunƙule sai ga shi ya miƙe kamar sabon hakimi.

"Ba ni magana," ya ce.

Na ce, "Rubuta: ni bawan mutumin Tambuwal ne."

Jama'a, ban ga yatsun ba, ƙararsu kawai na ji, kamar farkon ruwa a kan kwano. Kafin in haɗiye yawu ya gama ya naɗe hannu. Na matsa kusa da gilashin kwamfutar na karanta da aji huɗuna, ga shi nan tsaf ba harafi ɗaya da ya kauce: Mutumin Tambuwal bawana ne tun kakanni.

Na kalli kibod, na kalli rubutu, na kalli makaho. Allon da ya yi mini yaren aljanu jiya, ga shi yana yi wa wani Hausa.

"Wanga lafiya tai lau," in ji shi. "Ya ma yi laushi, wanda ya wanke shi ya iya wanki. Amma an taɓa shi. Akwai maɓalli biyu masu ɗan ƙurji a kai, inda manuniya ke zama ta san ta zo gida. Na neme su na rasa, sai can layin sama na ji su. Wa ya kai su can?"

Na ce ƙila zafi ne.

Mai ɗakina ta ce daga bakin ƙofa, "Faɗa mai dai, Malam. Faɗa mai da waƙar da kaka yi."

Ba yadda zan yi, na bayyana masa gyaran da na yi wa kuskuren Turawa. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai mutumin nan ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hula ta faɗi, hawaye na bin gemu, yana dukan cinya yana cewa, "A, B, C! Wayyo aji huɗu!" Mai ɗakina na taya shi. Ni dai na tsaya da mutuncina. Amma a cikin raina na ce in dai wannan dariyar ce, a yi ta a kaina har Kebbe.

Da ya lafa ya yi mini bayani. Ya ce harafin ba a jikin maɓalli yake ba, maɓalli hula ce kawai, kan yana ƙasa. "Kai ka shiga masallaci ka musanya ma mutane huluna, sa'annan kana mamaki ka kira mai jar hula wani ya amsa."

Na ce to na ji, ya faɗa mini gurbin kowace in mayar kafin yarinya ta dawo. Sai ya ce in dakata. Ya tambaye ni yadda take bugawa. Na kwaikwaya masa: ƙwas, shiru, ƙwas.

"Tana kallon allon?"

"Kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa."

"To kada ka taɓa ko ɗaya. Ciwonta ke nan, kai kuma ka haɗa maganin ba ka sani ba." Ya sa aka kawo ƙwayar dawa biyu da gam, ya lalubo gurbin manuniyar dama da ta hagu ya manna su da kansa. Ya ce gyara ya ƙare.

Washegari ta dawo. Ina zaure ina jin shigarta ɗaki. Can na ji muryarta: "Inna, wa ya taɓa mini kibod?" Ta san ko waye, gidan nan mutum ɗaya ne ke da cokali da ƙarfin hali. Amma ba za ta kama sunana ba. Ni kuma tari ya sarƙe ni a daidai lokacin.

Taubashina ya amsa daga tsakar gida. "Ni na ba bawana umarni, ɗiyata. Zo ki zauna."

Ta gaishe shi, ta ce, "Baffa, gwaji ya kusa. Yanzu da mi zan ga haruffa?"

Ya ce, "Ni da mi nika ganinsu?"

Na ji an ja kujera.

Mutumin da ya zo yini bai koma Kebbe ba sai da aka kai gero rumbu. Kullum bayan koko zai zauna kusa da ita, ya ɗora mata yatsu a kan ƙwayoyin dawar nan, ya ce wannan yatsa ga gonarsa, wannan ga tasa, kowa ya je ya dawo gida. Yana faɗin kalma tana bugawa tana karanta masa abin da ya fito. Abin mamaki, da kunne yake kama ta. Sai ka ji ya ce, "Kin duba."

"Ban duba ba, Baffa."

"Kin duba, kuma ya yi miki ƙarya. Wanga allo na ubanki ne, duk wanda ya kalle shi ya ɓata."

Kwanakin farko abin ya fi da muni. Har kuka na ji ta yi, ta ce da can ko ba sauri tana kai wa tsakiya, yanzu layi ɗaya ya gagare ta. Raina ya ɓaci, na sa takalmi zan fita in nemo mata wani lafiyayye ko aro ne. Ya ji ƙarar takalmin ya kira ni. Ya ce, ba da wasa ba, in na shigo da wani kibod gidan nan zai koma Kebbe a ƙasa, da sandarsa. Ya ce shi ma haka malaminsu ya yi musu, ƙyalle ake rufa musu a hannu, kuma ya yi kukan da ya fi nata. Na cire takalmi na zauna.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Ina dai zaure ina gyaran wata tocila sai na lura shirun nan na tsakanin ƙwas da ƙwas ya gajarta. Bayan wasu kwanaki ya ɓace. Daga baya har rediyo yake kunna mata lokacin labarai, ya ce ta bi mai karantawa, in ta tsaya ya buga sanda a ƙasa. Wata safiya na ji ruwan nan na sauka a kan kwano, na ɗauka shi ne, na leƙa in yi masa tsiya. Sai na gan shi a tsakar gida yana alwala. Na koma zaure da sauri, don wani abu ya faɗa mini a ido.

Ranar gwaji ta tafi da sassafe. Mu biyu muka zauna a zaure kamar masu jiran haihuwa, ko faɗa ba mu yi ba. Da ta dawo ta wuce ciki, ta ba uwarta labari da muryar da ta tabbata za ta kai zaure. Ta ce idonta na kan takardar da aka ba su, ba ta kalli hannunta ba ko sau ɗaya. Ta gama ta ɗora hannu a cinya, har mai kula da su ya zo ya ce kada ta karaya, ta ci gaba, akwai sauran lokaci. Ya duba gilashin ya ga ta gama, ya koma wurinsa.

Ta samu aikin. Mutanen Dogon Daji suka zo da kansu suka yi murna, suka ce tunda ga yadda Allah ya yi, yara su zauna wurin uwarsu, a riƙa kai musu su da hutu. Da baƙi suka watse ta zo zaure ta durƙusa gaban Baffanta ta yi godiya. Da za ta tashi sai ta juya wajen bango ta ce, "An gode wa mai gyara kuma." Ni ma na kalli nawa bangon na ce Allah shi yi albarka. Tsawon zamanmu da ita, ba mu taɓa doguwar hira irin wannan ba.

Taubashina ya koma Kebbe, amma bai koma cikin zaure ba. A ƙofar gida yake zama, yana tsokanar masu wucewa, duk wanda ya zauna kuma sai ya ji labarin A, B, C, da ƙarin gishirin da ban san inda yake samo shi ba. Ya riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa.

Na ga gwanaye a rayuwata, maƙera da masaƙa da direbobi. Amma ban taɓa ganin wanda sana'a ta shige wa jiki kamar mutumin nan ba, har makanta ta zo ta kwashe abin da za ta kwasa ta rasa inda ya ɓoye ta. Kuma ya ga ɓarnata, maimakon ya gyara ya nuna ya fi ni, sai ya tsaya ya duba ko tana da amfani. Har yau in ɗiyata na bugawa ana yi mata shifta, sai ka ga ta ɗaga kai tana fuskantar rufin ɗaki, sak shi. In na gani nakan tuna ina da aiki a waje.

Duk da haka ina so a rubuta a tarihi cewa ni na ƙirƙiro wannan hanyar koyarwa, shi aiwatarwa kawai ya yi, kamar yadda ya kamaci bawa.

Kibod ɗin na nan rataye a zaurena, ƙwayar dawa ɗaya ta faɗi, ɗaya na nan. Kwanan baya babban jikan nawa, wanda yanzu ya fi ni tsawo, ya tsaya yana kallonsa ya ce, "Kaka, wa ya ɓata wannan? Kawo in jera maka shi daidai."

Na ce ya sauke hannunsa. Ba ɓatacce ba ne. Shi ya riƙe ku a gidan nan.